Wane Kaskon Suya Ne Zai Daɗe a Gidan da Ake Girki da Gas da Gawayi?

Wata uwargida daga Tudun Wada a Gusau ta aiko da tambaya. Ta ce kaskon suyar da aka sa mata a kayan ɗaki, irin mai baƙin shafen nan da abinci ba ya kamawa, bai shekara ba shafen ya fara ɓarewa. Ta sayi wani, shi ma ya bi sahun na farko, har gindinsa ya bankare ya daina zama daidai a kan murhu. Tana girki da gas idan akwai, idan ya ƙare ta koma gawayi, ranar da taro ya yi yawa kuma a hura itace. Abin da ta fi soyawa shi ne ƙosai, awara, kifi, doya da ƙwai. Tana son sanin irin kaskon da za ta saya ta huta.

Hajiya, a matsayina na wanda ya daɗe yana koyar da aikin ƙarfe, shawarata ita ce ki sayi kaskon baƙin ƙarfe mai kauri, ki mayar da shi babban kaskon gidanki. Dalili kuwa shi ne, kaskon da amfaninsa ya rataya a kan wani siririn shafe da kamfani ya fesa masa, ranar da shafen ya tafi kaskon ya gama aiki, kuma babu wani maƙeri ko mai walda a Gusau da zai iya mayar miki da shi. Kaskon da ciki da wajensa duk ƙarfe ɗaya ne kuwa, ko ya yi tsatsa ko ya ƙone, kankarewa za a yi a ci gaba da aiki. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata ki riƙe idan kin shiga kasuwa. Abu na biyu da ke biye da shi shi ne irin wutar da za ki ɗora kaskon a kai, domin kaskon da zai yi shekara biyar a kan lantarki yana iya mutuwa cikin wata biyar a kan gawayi.

Bari in fara da wanda ya ba ki wahala. Wannan baƙin shafen dangin roba ne, wanda aka fi sani da sunan kasuwancinsa, Teflon. Wani masanin haɗa sinadarai mai suna Roy Plunkett ne ya gano shi a kamfanin DuPont na Amurka a 1938, sannan kamfanin Tefal na Faransa, wanda aka kafa a 1956, ya yaɗa kasko mai wannan shafe. Santsinsa babu ƙarya a ciki, amma kaurinsa a jikin kasko bai wuce na silin gashi ba, kuma yakan fara lalacewa da zarar zafi ya haura digiri 260 a ma'aunin Salshiyos. Suya a cikin mai tana gudana ne tsakanin digiri 170 zuwa 190, saboda haka muddin akwai mai da abinci a ciki, tsakiyar kaskon ba ta cika kaiwa wancan zafin ba. Matsalar tana faruwa ne a wurare biyu. Na farko, idan aka ɗora kaskon babu komai a ciki aka juya ana yanka albasa, mintuna kaɗan sun ishe shi ya wuce iyakarsa. Na biyu, wutar gawayi da ta itace ba su da makunnin da za a rage su, garwashi da harshen wuta suna wuce digiri 600, kuma harshen yana lasar gefen kaskon ne, inda mai bai kai ba. Idan kika duba tsohon kaskonki, ina kyautata zaton za ki tarar ɓarewar ta fi muni a gefe da kuma daidai inda cokalin ƙarfe ya saba gogawa. Ɗan ɓarɓashin shafen da aka haɗiye da abinci yakan wuce ne ba tare da ya narke a ciki ba, amma hayaƙin da yake fitarwa idan ya ƙone yana sa mutum zazzaɓi da ciwon kai, kuma yana kashe tsuntsaye, abin da ya kamata mai kiwon kaji kusa da madafa ta sani.

Kada kuma ki ruɗu da waɗanda suka cika shaguna yanzu, masu ɗigo-ɗigon fari a kan toka-toka, da ake tallata su da cewa na dutse ne. Jikinsu alminiyam ne, samansu kuma shafe ne da aka yi wa ado. Haka masu farin shafe mai kama da tangaran: sun fi jure zafi, amma santsinsu yakan riga na Teflon gushewa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ake sayen irin waɗannan don suyar ƙosai da awara, alhali abin da ke iyo a cikin mai ba ya taɓa gindin kasko balle ya kama. An biya kuɗin santsin da ba a bukata, sannan aka kai shi wutar da za ta cinye shi. Idan kina son mai shafe, ki sayi ƙarami guda ɗaya don wainar ƙwai, ki tsare shi a kan gas mai ƙaramar wuta, da cokalin katako, ki kuma sa a ranki cewa abu ne mai ƙarewa wanda za a sake bayan 'yan shekaru.

Bankarewar gindin da kika ambata ba laifin shafe ba ce, laifin siririn alminiyam ɗin da ke ƙarƙashinsa ne. Alminiyam yana da kirki ta fuska ɗaya: yana watsa zafi da sauri, ya ninka baƙin ƙarfe wajen sau huɗu, shi ya sa yake saurin ɗaukar wuta kuma ba ya cin gas. Sai dai ƙarfe ne mai taushi, yana narkewa a digiri 660, kuma tun kafin ya kai nan yake yin laushi. Idan tsakiyarsa ta yi zafi ta buɗe alhali gefensa bai kai ta ba, dole gindin ya tasa sama ko ya lotsa ƙasa, musamman idan an saba sauke shi daga wuta a kwara masa ruwan sanyi. Daga ranar mai zai riƙa taruwa gefe guda, rabin abinci yana ƙonewa rabi bai soyu ba. Bugu da ƙari, alminiyam marar shafe ba ya shiri da tsami kamar na tumatir da tsamiya da lemun tsami, ba ya kuma shiri da kanwa da toka, waɗanda mu a nan ba ma rabuwa da su. Su ne ke dusar da haskensa, su bar masa ƙananan ramuka da kan zama huda a ƙarshe.

Za ki ce to ai akwai kaskon alminiyam na zubi, irin wanda maƙeranmu ke yi, mai kauri, wanda mata masu ƙosai ke shekara da shekaru suna aiki da shi. Gaskiya ne, ta fuskar ƙarko kaɗai yana cikin na gaba, ba ya tsatsa, ba ya bankarewa, kuma kuɗinsa da sauƙi. Damuwata a kansa ita ce abin da aka narka aka yi shi. Mai zubi yana sayen kayansa ne daga hannun 'yan gwangwan: gwangwanin lemo, tsofaffin tukwane, fistin da kan injin mota, lagireto, wani lokaci har da tarkacen kayan lantarki. Wasu daga cikin waɗannan suna ɗauke da dalma, kuma da zarar an narke su wuri ɗaya babu idon da zai iya ganewa. Wani bincike da aka buga a 2014 kan irin waɗannan tukwane na zubi a Kamaru ya nuna cewa dalma tana fita daga jikinsu idan aka tafasa ruwa mai tsami a ciki. Mu a Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani kan gubar dalma ba, tun bayan abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da 400 suka rasu. Waccan musibar daga niƙan duwatsun zinariya ta fito, ba daga tukunya ba, kuma yawan gubar ba ɗaya ba ne ko kusa. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ta fi yi wa ƙananan yara da masu juna biyu illa. Ba ina cewa kowane kaskon zubi yana da ita ba ne, akwai maƙeran da ke tace kayansu. Abin da nake cewa shi ne mai saye ba ta da hanyar tantancewa. Idan kina da shi a gida, ki bar shi ga suya a cikin mai, kada ki soya kayan miya a ciki, kada abinci ya kwana a cikinsa, kuma kada ki riƙa kankare shi da yashi har ya yi fari, domin wannan dusasshen saman da ya yi yana rage abin da ke fita daga jikinsa.

Farin ƙarfe marar tsatsa shi ne wanda ya fi kowa haƙuri da sakaci. Haɗi ne na ƙarfe da kuromiyam, wani ƙarfe da ke hana tsatsa, wanda yawansa a cikin haɗin ba ya gaza kashi 10.5 cikin 100, kuma idan kika ga an rubuta 18/10 a gindin kasko, ana nufin kashi 18 kuromiyam ne, kashi 10 kuma wani ƙarfe ne mai suna nikel. Tsami ba ya cinsa, sabulu da soson ƙarfe ba sa yi masa komai, ko ya kwana cikin ruwa ba ruwansa. Rauninsa shi ne ba ya watsa zafi, alminiyam ya fi shi fiye da sau goma, saboda haka siririn kaskonsa mai falle ɗaya yakan ƙona abinci daidai inda harshen wuta yake taɓawa. Nagarinsa shi ne wanda aka saka alminiyam a tsakiyarsa. Akwai mai faifai da aka manna a gindi kawai, akwai kuma wanda falle uku ne tun daga gindi har baki. Na farkon ba ya son gawayi, domin wuta tana ƙona siririn gefensa, kuma faifan yana iya rabuwa idan zafi ya yi yawa. Na biyun ya fi, sai dai tsada. Ga suyar kayan miya babu kamarsa, amma kifi da ƙwai suna kamawa a cikinsa sai ga wadda ta iya barin kaskon ya yi zafi kafin ta zuba mai. Jan ƙarfe kuwa ba sai na tsaya a kansa ba, yana da tsada ƙwarai kuma dole sai an lulluɓe cikinsa da wani ƙarfen. Kaskon laka da tanda suna da nasu gurbin, amma abin da faɗuwa ɗaya ke kashewa ba ya shiga lissafin ƙarko.

Baƙin ƙarfen da nake ba ki shawara iri biyu ne. Akwai na zubi, wanda ake narkawa a zuba a mazubi, mai ɗauke da kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi, kashi 2 zuwa 4 cikin 100. Yana da kauri da nauyi, matsakaicinsa mai faɗin santimita 26 yakan haura kilo 2, yana jinkirin ɗaukar zafi amma idan ya ɗauka ba ya saki da wuri. Amfanin wannan shi ne idan kika jera yankan kifi mai sanyi a ciki, irin tarwaɗar da ake kawowa daga madatsar ruwa ta Bakolori, zafin kaskon ba ya faɗuwa warwas, sai fatar kifin ta soyu nan take maimakon ta tsaya tana fitar da ruwa tana shan mai. Aibinsa guda ɗaya ne mai girma: yawan kabon ya sa ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, idan ya faɗi a kan siminti ko aka zuba masa ruwan sanyi yana tsananin zafi. Na biyu shi ne wanda ake yankowa daga fallen ƙarfe a buga shi ya zama kasko, kabon ɗinsa bai wuce kashi 1 ba. Ya fi sauƙin ɗauka, ba ya fashewa, idan ya lotsa maƙeri zai daidaita shi da guduma, kuma shi ne dangin babban kaskon da ake suyar naman layya da ƙuli-ƙuli a ciki. Ga gidan da ke yawo tsakanin gas da gawayi da itace, kuma yara ne ke wanke-wanke, wannan na biyun na fi zaɓa, da sharaɗin kaurinsa ya kai milimita 2 zuwa 3. Wanda bai kai haka ba shi ma zai bankare.

Baƙin ƙarfe ma yana da shafe, bambancin shi ne ke ce za ki yi shi da hannunki, kuma duk lokacin da ya lalace za ki iya sabunta shi. Idan aka shafa wa ƙarfe mai kaɗan aka gasa shi har ya yi hayaƙi, man yana sandarewa ya zama wata baƙar fata mai ƙarfi da ke manne da ƙarfen, wadda ke hana tsatsa kuma take hana kamu. Ga yadda ake yi: ki wanke sabon kaskon da ruwan zafi da sabulu da soson ƙarfe, domin a fitar da man inji ko kakin da aka shafa masa don kada ya yi tsatsa a shago. Ki ɗora shi a wuta ya bushe ƙarau. Ki ɗiga man gyaɗa kamar rabin ƙaramin cokali, ki bi ko'ina da tsumma ciki da waje, sannan ki ɗauki busasshen tsumma ki goge kamar so kike ki cire man gaba ɗaya. A nan ne yawancin mutane ke kuskure, domin idan man ya yi yawa ba ya sandarewa, danƙo yake zama. Ki mayar da shi wuta matsakaiciya, kina jujjuya shi don gefe ma ya samu, har ya yi hayaƙi hayaƙin ya ɗauke. Za ki ga launin ya tashi daga toka-toka zuwa ruwan ƙasa. Ki bari ya huce ki maimaita sau uku ko huɗu. Bayan nan ki fara da abin da ke son mai da yawa, kamar ƙosai da doya, ki jinkirta ƙwai sai bayan 'yan makonni, lokacin da cikinsa ya yi baƙi wuluk yana sheƙi.

Abokin gabarsa ruwa ne. Da hunturu, lokacin da iskar Zamfara ke busar da komai, kusan ba za ki ga tsatsa ba, amma a watan Agusta kaskon da aka kife da danshi da dare zai wayi gari da jan tabo. Don haka kada a jiƙa shi a bari, kada a tara shi cikin kwanukan da za a wanke gobe. A wanke shi da ruwan ɗumi da soso mai laushi, sabulu kaɗan ba ya cutar da shi, a mayar da shi wuta na minti ɗaya ya bushe, a shafa masa ɗigon mai, a rataye. Idan tsatsar ta riga ta fito, a kankare ta da soson ƙarfe a sake gasa shi da mai, shi ke nan. Miyar tumatir da aka daɗe ana dafawa tana cinye wannan baƙar fatar kuma tana ba abinci ɗanɗanon ƙarfe, saboda haka ita a kai ta tukunyar farin ƙarfe. Ɗan abin da ke fita daga jikin baƙin ƙarfe zuwa abinci kuwa sinadarin da jiki ke bukata ne don yin jini. Wani bincike da aka yi a Habasha, aka buga a 1999, ya nuna yaran da aka riƙa dafa musu abinci a tukunyar baƙin ƙarfe sun fi waɗanda aka dafa musu a ta alminiyam samun sauƙin ƙarancin jini. Suya ba ta fitar da shi da yawa kamar dahuwa, kuma kasko ba ya maye gurbin maganin asibiti.

Idan za ki kasuwa, ki tafi da ɗan maganaɗisu, ko da irin na jikin tsohuwar lasifikar rediyo ne. Yana kama baƙin ƙarfe gam, ba ya kama alminiyam ko kaɗan, don haka ba za a sayar miki da alminiyam da aka shafa wa baƙin fenti da sunan ƙarfe ba. Ki danna tsakiyar gindin da manyan yatsunki biyu: idan ya motsa ko ya yi ƙara, ajiye shi. Ki ɗora shi a kan tebur ki ga ko yana rawa. Sannan ki duba mariƙi da kyau, domin kasko da yawa ta nan suke fara mutuwa tun jikinsu na da sauran aiki. Mariƙin roba da aka ɗaure da noti ɗaya zai yi sako-sako, kuma wutar gawayi za ta ƙona shi. Ki nemi na ƙarfe wanda aka kafe da ƙusoshi biyu ko uku da aka dandaƙe kawunansu, ko wanda aka zuba tare da jikin kaskon, ko mai walda mai kyau da ta zagaye mahaɗin, ba ɗigo biyu ba. Idan wurin maƙeri za ki ba da aiki, wanda sau da yawa ya fi sauƙi kuma ya fi inganci, ki gindaya masa cewa da sabon fallen baƙin ƙarfe kike so. Kada ki karɓi wanda aka yanko daga ganga, domin ba ki san ko maganin ƙwari ko man inji ta taɓa ɗauka ba, kada kuma ki karɓi mai fenti ko mai farin rufi irin na kwanon rufin ɗaki, wannan rufin ba a yi shi don wuta da abinci ba.

Girman kaskon ma ki auna shi da murhunki. Ƙaramar tukunyar gas mai kan girki a samanta ba ta da faɗin zama, kuma babban kaskon ƙarfe cike da tafasasshen mai a kanta haɗari ne, musamman a gidan da yara ke rarrafe. A kanta ki tsaya ga mai faɗin santimita 24 zuwa 28, babban kuma ki bar shi ga murhun da ke zaune a ƙasa. Don ƙosai da awara ki zaɓi mai zurfi da zagayayyen gindi, wanda ke tara mai a tsakiya, ta yadda kwalba ɗaya za ta yi miki abin da shimfiɗaɗɗen kasko zai nemi biyu. Su kuwa tsofaffin nan biyu da shafensu ya ɓare har farin alminiyam ya bayyana, ki daina suya a cikinsu, ki ba 'yan gwangwan su auna su ba ki kuɗinsu ki ƙara a na sabon.